Yadda za ka saita kibod ɗinka ya rubuta é, à, ñ da sauran haruffan Faransanci da Sifaniyanci

Kwamfutocin da ake sayarwa a kasuwannin Najeriya kusan duk da kibod ɗin Turanci suke zuwa, na Amurka ko na Ingila, kuma babu é a kansu, babu ç, balle ñ. Ɗalibin Faransanci da zai buga aikin da malami ya ba shi, da ɗan kasuwar da ke aika wasiƙa Kwatano ko Yamai, da mai neman gurbin karatu a Madrid, duk hanya ɗaya suke bi: su shiga intanet su nemo harafin, su kwafo, su liƙa. Idan harafi ɗaya ne ko biyu, da sauƙi. Shafi guda kuwa wahalar banza ce, domin kibod ɗin da ke gabanka yana iya fitar da waɗannan haruffa ba tare da ka kashe ko kwabo ba. Abin da aka buga a jikin maɓalli fenti ne kawai. Manhajar kwamfutar ce ke yanke abin da zai fito idan ka danna, kuma ita ake saitawa.

Kada wani ya ce maka alamomin ado ne. A Faransanci, ou na nufin "ko", où kuma "ina". Sur "a kan" ne, sûr kuma "tabbas". A Sifaniyanci, papá shi ne baba, papa kuwa dankali ne ko Paparoma. Si "idan", sí "e". Mai jin Hausa ya fi kowa sanin wannan, tunda ya san nisan da ke tsakanin baki da baƙi.

Haruffan da ake nema ba su da yawa. Faransanci na buƙatar é mai karkata dama, da à è ù masu karkata hagu, da â ê î ô û masu hula, da ë ï ü masu ɗigo biyu, sai ç mai wutsiya da œ da ke cikin cœur da sœur. Sifaniyanci ya fi sauƙi: á é í ó ú, da ü a kalmomi irin su vergüenza, da ñ, sai alamar tambaya da ta motsin rai da ake kifewa a farkon jimla, wato ¿ da ¡.

Fara da sanin kibod ɗin da ke hannunka

Dubi maɓallan 2 da 3 a layin lambobi. Idan @ ne a kan 2, # kuma a kan 3, na Amurka ne. Idan " ne a kan 2, alamar fam £ kuma a kan 3, na Ingila ne, kuma za ka ga maɓallin Enter ɗinsa dogo ne daga sama zuwa ƙasa. Idan kuma layin haruffa na farko ya fara da A Z E R T Y, na Faransa ne, irin wanda ya fi yawa a ofisoshin Nijar da Chadi da Kamaru. Wannan dubawar ta minti ɗaya ita za ta nuna maka wace hanya ta dace da kai a cikin waɗanda ke ƙasa.

Windows: tsarin United States-International

Wannan ce hanyar da aka fi sani, kuma ga mai kibod ɗin Amurka ita ce ba ta sauya wa ko maɓalli ɗaya mazauni. A Windows 11:

1. Danna maɓallin Windows tare da I, Settings zai buɗe.
2. Shiga Time & language, sannan Language & region.
3. A gefen harshen da kake amfani da shi akwai ɗigo uku. Danna su, ka zaɓi Language options.
4. Sauka ƙasa zuwa Keyboards, ka danna Add a keyboard.
5. Nemo United States-International a jerin, ka danna shi.

A Windows 10 kusan haka ne: Time & Language, sai Language, sai ka danna sunan harshen, Options, Add a keyboard. Idan kwamfutarka da Faransanci take magana, ka bi Paramètres, Heure et langue, Langue et région, sannan Ajouter un clavier, ka nemi États-Unis International.

Kada ka goge tsohon tsarin. Bar su su biyu. Riƙe maɓallin Windows ka danna maɓallin tazara, wato dogon nan na ƙasa, za ka ga ɗan akwati ya fito da jerin tsarukan, kowane dannawa na matsar da kai zuwa na gaba. Can ƙasa a gefen agogo za a rubuta ENG INTL idan sabon ne ke aiki.

Yanzu buɗe Notepad ka gwada. A wannan tsarin akwai maɓallai biyar da suka zama na jira: idan ka danna su babu abin da zai fito, sai ka danna wasalin da ke biye, sannan alamar ta hau kansa. Ba tare ake danna su ba, ɗaya bayan ɗaya ne.

Alhamza ' sannan wasali: á é í ó ú. Ita ce kuma ke ba da ç idan ka bi ta da c.
Alamar ` da ke ƙarƙashin Esc, hagu da 1, sannan wasali: à è ù.
Shift da 6, wato ^, sannan wasali: â ê î ô û.
Shift da alhamza, wato ", sannan wasali: ë ï ü.
Shift da `, wato ~, sannan n: ñ.

Babban baƙi ma haka yake. Alhamza, sannan Shift da e, ka sami É.

Akwai kuma gajeriyar hanya da mutane da yawa ba su lura da ita ba. Maɓallin Alt na hannun dama yana sauya aiki a wannan tsarin, ko da Alt kawai aka rubuta a kansa ba AltGr ba. Riƙe shi ka danna e, é za ta fito nan take. Haka a, i, o, u za su ba ka á í ó ú. Alt na dama da n ñ ne, da waƙafi ç, da y kuma ü. Alt na dama da / shi ne ¿, da 1 kuma ¡. Idan kana son bakan zance na Faransanci « », suna kan [ da ]. Yuro € na kan 5. Mai rubuta Sifaniyanci zai iya gama aikinsa kaf da Alt na dama, bai ko taɓa maɓallan jira ba.

Harafi ɗaya ne Microsoft ba ta saka a tsarin ba, shi ne œ. Za mu zo kansa.

Tarkon alhamza

A nan ne ya kamata mai rubuta Hausa ya tsaya ya yi tunani kafin ya rungumi wannan tsari. Alhamza ta riga ta zama maɓallin jira, ita kuwa Hausa cike take da alhamza kafin wasali. Ka rubuta jama'a da saurin da ka saba, abin da zai fito shi ne jamaá. Ma'ana ta koma maána, sa'o'i ya koma saóí. Har 'ya'ya bai tsira ba, domin y ma tana karɓar alamar: ýaýa za ka gani. Faransancin da ka saita kibod ɗin dominsa shi ma yana faɗawa tarkon, tunda l'eau da j'ai da d'accord duk alhamza ce kafin wasali. Gwada rubuta Côte d'Ivoire. Hular o za ta zauna daidai, amma ƙarshen zai fito dÍvoire.

Maganin shi ne ka danna tazara bayan alhamza. Tazarar ba za ta bayyana ba, alhamzar ce kawai za ta fito tsirararta, sai ka ci gaba. Wato j a m a, alhamza, tazara, a. Haka ma idan zance zai fara da wasali: " sannan tazara, in ba haka ba "Ina" ya zama Ïna. Idan baƙi ne ke biye, ban da c da y, ba ka buƙatar tazarar, alhamzar da baƙin za su fito tare.

Hannu yakan saba. Amma a ganina, wanda rabin rubutunsa na yini Hausa ce bai kamata ya zauna a kan wannan tsari dindindin ba. Ko dai ya riƙa sauyawa da Windows da tazara duk lokacin da ya sauya harshe, ko ya ɗauki ɗaya daga cikin tsaruka biyun da ke tafe, waɗanda ba ruwansu da alhamza. Masu rubuta lambobin manhaja su ma shawarar ke nan, domin ' da " su ne abincinsu.

United Kingdom Extended

Idan kibod ɗinka na Ingila ne, wannan ya fi maka. Hanyar ƙara shi ɗaya ce da ta sama, sai dai a jerin ka zaɓi United Kingdom Extended. Alhamza na nan yadda ka san ta, alamar zance ma haka. Kusan komai ya koma kan AltGr, Alt na dama:

AltGr da wasali: á é í ó ú.
AltGr da c: ç.
` sannan wasali: à è ù. Wannan ne kaɗai maɓallin jira da ba ya neman AltGr, kuma ba kasafai ake amfani da shi a rubutun yau da kullum ba.
AltGr da 6, ka saki, sannan wasali: â ê î ô û.
AltGr da 2, ka saki, sannan wasali: ë ï ü.
AltGr da #, ka saki, sannan n: ñ.

Ga mai haɗa Hausa da Faransanci a takarda ɗaya, ban ga wanda ya kai shi daɗi a Windows ba. Rauninsa shi ne babu ¿ da ¡, don haka mai Sifaniyanci zai nemo su ta lambobin Alt da za mu zo kansu. Ana iya ɗora shi a kan kibod ɗin Amurka, amma @ da " za su yi musayar wuri, # ya koma kan maɓallin da ke saman Enter, kuma sai ka haddace hakan tunda fentin bai sauya ba.

Na biyu daga cikin tsarukan da ba ruwansu da alhamza shi ne tsarin Spanish na ƙasar Sifaniya, ba na Latin Amurka ba. Mutane kan ɗauka na Sifaniyanci ne kawai, alhali yana da ç da alamar karkata hagu da hula da ɗigo biyu, wato yana rubuta harsunan biyu. Haruffansa a jere suke kamar na Turanci. Ñ na dama da L, maɓallin da ke biye da shi ne ke ba da á é, da Shift kuma ü ë; wanda ke dama da P na ba da à è, da Shift kuma â ê. Alhamza tana da nata maɓalli daban, dama da sifiri. Kuɗin da za ka biya shi ne alamomin rubutu da yawa sun bar inda ka san su. Wanda zai yi shekaru yana karatu da Sifaniyanci, ya dace ya jure ya koya.

Lambobin Alt, da dabarun cikin Word

Akwai lokacin da ba ka da ikon sauya komai: kwamfutar ofis da aka kulle, ko ta shagon buga takardu. A nan lambobi ke ceto. Kunna Num Lock, riƙe Alt na hagu, buga lambar a kan rukunin lambobin da ke gefen dama na kibod, sannan ka saki Alt. Sifirin farko dole ne.

é 0233, è 0232, ê 0234, ë 0235
à 0224, â 0226, ç 0231
î 0238, ï 0239, ô 0244
ù 0249, û 0251, ü 0252
œ 0156, Œ 0140
É 0201, È 0200, À 0192, Ç 0199
á 0225, í 0237, ó 0243, ú 0250
ñ 0241, Ñ 0209, ¿ 0191, ¡ 0161
« 0171, » 0187

Lambobin layin sama ba sa wannan aiki, ko sau nawa ka gwada. Shi ya sa ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka marasa rukunin lambobi ke ba mutane haushi. Wasu tsofaffi suna da lambobin a ɓoye, an rubuta su ƙanana a kan 7 8 9, U I O, J K L da M, ana kunna su da Fn. Idan taka ba ta da su, danna Windows da aya, wani ɗan allo zai fito mai ɗauke da fuskokin dariya; shiga sashen alamomi, akwai haruffan Latin masu alama a ciki. Ba hanyar rubuta shafi ba ce, amma ta isa ga suna ɗaya a cikin fom.

Shi kuwa Microsoft Word yana da nasa dabarun da ke aiki ba tare da an taɓa saitin kibod ba, kuma ba sa neman rukunin lambobi. Riƙe Ctrl ka danna alhamza, saki duka, danna e: é. Ctrl da ` sannan wasali: è. Ctrl da Shift da ^ sannan wasali: ê. Ctrl da Shift da ɗigo biyu : sannan wasali: ë. Ctrl da waƙafi sannan c: ç. Ctrl da Shift da ~ sannan n: ñ. Ctrl da Shift da & sannan o: œ, harafin da ya gagari tsarin International. Alt da Ctrl da Shift da ? na ba da ¿, da ! kuma ¡. Idan duk rubutunka na Faransanci a cikin Word kake yi, gaskiya za ka iya tsayawa a nan, ka bar Settings ya huta. Sai dai da ka fita zuwa Chrome ko WhatsApp na kwamfuta, dabarun sun daina aiki.

Tunda muna cikin Word, ga kyauta ga masu Hausa. Buga lambar harafi, ka haskaka ta, ka danna Alt da X tare: 0199 zai rikiɗe ya zama ƙ, 0257 ɗ, 0253 ɓ, 01B4 kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Manyansu su ne 0198, 018A, 0181 da 01B3. Windows ma yana da tsarin Hausa a cikin jerin Add a keyboard, ga mai son ya ƙara shi na uku.

Wata hanyar kuma ita ce PowerToys, manhajar kyauta ta Microsoft. A cikinta akwai Quick Accent: ka riƙe harafi, ka danna tazara, jerin siffofinsa ya fito a allo, ka zaɓa. Tana da kyau ga mai rubuta kalma jefi-jefi. Mai gudu a rubutu zai ga tana ja masa birki.

Idan AZERTY ne a gabanka

A Zinder ko Maraɗi ko Garwa, matsalar ta juya. Ƙananan haruffan Faransanci na nan a fili: é a kan 2, è a kan 7, ç a kan 9, à a kan sifiri, ù dama da M. Hula na dama da P, ka danna ta sannan wasali. Da Shift kuma ta ba da ɗigo biyu. Rubuta sunayen garuruwa irin su Tillabéri da Ngaoundéré da Gouré ba ya ba kowa wahala.

Manyan baƙaƙe ne ke gagara. A Windows, tsohon AZERTY ba shi da hanyar É ko Ç kai tsaye, shi ya sa za ka ga takardun ofis da yawa an rubuta Ecole da Etat babu alama, har wasu suka ɗauka ƙa'ida ce. Ba ƙa'ida ba ce. Académie française, hukumar da ke kula da harshen Faransanci, ta ce babban baƙi na ɗaukar alamarsa, haka ma takwararta Real Academia Española ta ce game da Sifaniyanci. À da È suna samuwa: AltGr da 7, ka saki, sannan Shift da wasalin. É da Ç kuwa sai lambobi, 0201 da 0199, ko dabarar Word. Wannan gibin na cikin dalilan da suka sa hukumar ƙa'idoji ta Faransa, AFNOR, ta fitar da sabon tsarin AZERTY a 2019, mai ɗauke da manyan baƙaƙe masu alama da œ da « ». A Mac da Linux kuma tun can babu matsalar: kunna Caps Lock ka danna é, É za ta fito.

Sifaniyanci a kan AZERTY ya fi wuya. Ñ na samuwa da AltGr da 2 sannan n, amma babu maɓallin da zai ɗora alama a kan á í ó ú. Ko lambobi, ko ka ƙara tsarin Espagnol, wato Spanish, ka riƙa sauyawa, da sanin cewa A da Q, da Z da W, za su yi musaya, M kuma ta sauko layin ƙasa.

Mac

Babu abin saitawa. Riƙe harafin e na ɗan lokaci, akwati zai fito da è é ê ë da lamba a ƙarƙashin kowace, ka danna lambar. Tun 2011 Mac ke yin haka. Mai son sauri kuma ya koyi Option, a kan tsarin Amurka: Option da e sannan wasali don é á, Option da ` don è, Option da i don ê, Option da u don ë ü, Option da n sannan n don ñ. Option da c ç ne kai tsaye, Option da q œ, Option da 1 ¡, Option da Shift da / kuma ¿. Alhamza ba ta shiga cikin lissafin ba sam, don haka jama'a na nan jama'arta.

Linux da Chromebook

A Ubuntu da sauran nau'o'in Linux masu amfani da fuskar allo ta GNOME, shiga Settings, Keyboard, ka nemi Compose Key, ka ba shi wani maɓallin da ba ka cika amfani da shi ba, kamar Alt na dama ko Caps Lock. Daga nan sai ka danna shi, ka saki, ka buga alamomi biyu a jere: alhamza da e su ba da é, ` da a à, ^ da o ô, waƙafi da c ç, ~ da n ñ, o da e œ, alamar tambaya sau biyu ¿. A duk hanyoyin nan ita ce ta fi tsari, domin ba ta taɓa komai sai ka kira ta. Idan ka ɗauki tsarin International mai maɓallan jira a Linux, ka sani alhamza da c kan ba da ć a maimakon ç. Yi amfani da Alt na dama da waƙafi.

Chromebook na da US International a cikin saitin kibod, da Alt na dama irin na Windows. Ctrl da tazara ke sauya tsari.

Waya

A waya ɗora yatsa ne kawai. Riƙe e, siffofinta su fito a sama, ka ja yatsa zuwa wadda kake so ka saki. Ç na ƙarƙashin c, ñ ƙarƙashin n, œ ƙarƙashin o, ¿ da ¡ kuma ƙarƙashin alamar tambaya da ta motsin rai. Android da iPhone duk haka.

Duk da haka ka ƙara harshen, saboda gyaran kalma. Kibod ɗin da ya san Turanci kaɗai zai yi ta mayar maka da kalmomin Faransanci wani abu daban. Wanda ya san Faransanci kuwa, ka rubuta ecole ya miƙo maka école da kansa. A Gboard, manhajar kibod ta Google, danna alamar saiti da ke saman kibod, shiga Languages, Add keyboard, ka zaɓi French ko Spanish. Zai nuna maka tsaruka, kuma ba dole ba ne ka ɗauki AZERTY: zaɓi QWERTY, wato jerin haruffan kibod ɗin Turanci, idan shi hannunka ya sani, ƙamus ɗin Faransancin zai yi aiki a kansa. Ƙara Hausa ma a nan, za ka sami ƙ ɗ ɓ. Riƙe tazara ko danna alamar duniya don sauyawa. Idan wayarka ta zo da wani kibod na kamfani da ba ya nuna haruffan, sauko da Gboard daga Play Store. A iPhone, hanyar ita ce Settings, General, Keyboard, Keyboards, Add New Keyboard.

Gargaɗi ɗaya: wayar ba ta san ko a kake nufi ko à, ko esta ko está, tunda dukansu kalmomi ne sahihai. Waɗannan idonka ne zai kama su.

Abubuwan da kan rikice bayan an saita

Kana cikin rubutu sai ka ga kibod ya sauya da kansa. Bai sauya da kansa ba, hannunka ne ya taɓa Alt na hagu da Shift tare, ko Ctrl da Shift, waɗanda tsofaffin hanyoyin sauya harshe ne da tsari a Windows. Dubi gefen agogo ka mayar. Idan abin ya dame ka, nemi Advanced keyboard settings, ka shiga Input language hot keys, Change Key Sequence, ka sa duka biyun a Not Assigned. Windows da tazara zai ci gaba da aiki.

Word ya ja jan layi a ƙarƙashin kowace kalma. Saitin kibod daban, harshen duba rubutu daban. Haskaka rubutun, shiga Review, Language, Set Proofing Language, ka zaɓi French ko Spanish. Akwai ƙarin riba: idan Word ya san Faransanci kake rubutawa, yakan mayar da alamar zance « » da kansa, ya kuma saka 'yar tazarar da Faransanci ke so kafin : ; ? da !. In kana son saka ta da hannu ba tare da alamar ta faɗo sabon layi ita kaɗai ba, danna Ctrl da Shift da tazara.

Ka aika takarda, wanda ya karɓa ya ga Ã© a inda ka rubuta é. Kibod ɗinka lafiya lau yake. An adana rubutun ne da tsarin UTF-8, manhajarsa kuma ta karanta shi da wani tsohon tsari. Ya fi faruwa da jerin sunaye na CSV da aka buɗe a Excel da dannawa biyu. A shigo da shi ta Data, From Text/CSV, a zaɓi UTF-8, sunayen za su daidaita.

Sai kalmar sirri. Kada ka saka é ko ñ a kalmar buɗe kwamfuta ko ta imel, domin wata rana za ka zauna gaban na'urar da ba ta da saitinka. Idan kuma tsohuwar kalmarka na da alhamza ko " ko ^ kafin wasali, tana iya ƙin shiga bayan ka ɗora tsarin International, kai kuma ba ka ganin abin da ke fitowa tunda ɗigo-ɗigo ne. Kafin ka yi ta gwadawa har a kulle ka, dubi kusurwar ƙasa ta dama a shafin shiga, ka danna sunan tsarin, ka mayar da shi kan wanda ka ƙirƙiri kalmar da shi.